Daga Agogo Zuwa Iyakar Gona: Yadda Taurarin Ɗan'adam Suke Tantance Wuri da Amfanin Hakan a Ƙasar Kambaza

Tsakure

Wannan takarda ta yi bayanin lissafin da wayar hannu da na'urar safiyo suke yi domin gano inda suke a doron ƙasa, wato auna nisansu daga taurarin ɗan'adam waɗanda aka san mazauninsu. Ta bi lissafin daga fili mai turaku uku har zuwa sararin samaniya, ta nuna dalilin da ya sa ake buƙatar tauraro na huɗu, sannan ta duba abubuwan da suke ɓata awon a yankin Gwandu da Kalgo. Matsayar takardar ita ce, wayar hannu ta isa ta nuna hanya kuma ta ƙiyasta girman babbar gona, amma ba ta kai a yanke hukuncin iyaka ko rabon gado da ita ba.

Gabatarwa



A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Gwandu. A farkon watan Yuni ya kama hanyar yamma, ya ratsa ta Kambaza ya nufi Birnin Kebbi. Kayan awonsa kamfas ne da agogo. Yakan duba inda hanya ta fuskanta, ya duba tsawon lokacin da aka ɗauka ana tafiya, ya ƙiyasta saurin ayari, ya fitar da nisa. Da irin wannan rubutun nasa August Petermann ya zana taswirar ƙasashen nan a Turai. Kuskuren irin wannan awo a fili yake: idan ayari ya rage sauri a cikin laka, ko agogo ya yi latti, to duk garuruwan da ke gaba za su goce daga inda suke, kuma gocewar tana taruwa ne kullum.

Abin lura shi ne, ginshiƙin lissafin bai canja ba har yau. Nisa shi ne sauri a ninka da lokaci. Wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu a Kalgo da wannan ƙa'ida take aiki, sai dai ayarinta saƙon rediyo ne mai gudun kilomita 299,792 a sakan ɗaya, agogonta kuma yana can sama da nisan kilomita 20,200.

Mutane da yawa sun ɗauka tauraron ne yake hango su ya faɗa wa wayar inda take. Tauraron GPS ba shi da kyamarar kallon kowa, kuma wayar ba ta aika masa da komai. Yana ta watsa saƙo ne kawai, mai ɗauke da bayani biyu: ga inda nake, ga kuma ƙarfe nawa a agogona. Duk sauran aikin a cikin wayar ake yin sa. Shi ya sa mutum miliyan dubu za su iya amfani da shi a lokaci guda ba tare da cunkoso ba, kuma shi ya sa yake aiki a tsakiyar fadama inda babu sabis.

Awon nisa uku a fili

Kafin a hau sama, gara a fara daga ƙasa. A ɗauki akuya da aka ɗaure a turke da igiya mai tsawon mita 130, ta ja igiyar har ta miƙe. Wanda ya san inda turken yake da tsawon igiyar ya san abu guda: akuyar tana wani wuri a kan da'irar da ke kewaye da turken. Bai san gabas take ko yamma ba. Idan aka ƙara mata igiya ta biyu daga wani turke, ita ma a miƙe, da'irori biyu za su haɗu a wuri biyu kacal. Igiya ta uku ita ce za ta raba gardama tsakanin wuraren biyu.

Bari a sa lambobi. Turke na farko a kira shi A. Turke na biyu, B, yana mita 140 gabas da A. Igiyar A mita 130 ce, ta B mita 150. A kira nisan wurin da ake nema zuwa gabas x, nisansa zuwa arewa y. Bisa ƙa'idar Fisagoras:

x² + y² = 130²
(x − 140)² + y² = 150²

Idan aka cire na biyu daga na farko, y² zai fita, a samu 280x = 14,000, wato x = 50. A mayar da 50 cikin na farko, y² = 14,400, wato y zai zama 120 arewa ko 120 kudu. Ga wuraren nan biyu. Yanzu a kafa turke na uku, C, mita 120 arewa da A, aka tarar igiyarsa mita 50 ce. Wurin da ke arewa ya yi daidai da mita 50 cif; na kudu kuwa sai igiyar ta kai kimanin mita 245. An gama. Ba a auna kusurwa ko ɗaya ba, tsawon igiya kawai aka yi aiki da shi. A nan ya bambanta da tsohon awon kusurwa da safiyo suka yi amfani da shi wajen shimfiɗa ma'aunin Nijeriya, inda ake hawa tudu da dutse ana hango tuta da madubin awo.

A sararin samaniya, da'ira takan koma ƙwallo. Duk wanda ke nisan kilomita 21,000 daga wani tauraro yana kan fatar wani ƙaton ƙwallo ne da tauraron yake tsakiyarsa. Ƙwallo biyu suna haɗuwa a kan da'ira. Na uku yana yanka da'irar a wuri biyu, ɗaya a kusa da doron ƙasa, ɗaya can nesa a sarari inda babu mai tsayuwa, sai na'urar ta yar da shi. A lissafi zalla ke nan, taurari uku sun wadatar.

Matsalar agogo da tauraro na huɗu

A aikace ba su wadatar ba, kuma a nan ne hikimar tsarin take. Babu igiya tsakanin waya da tauraro; da lokaci ake auna nisan. Saƙon tauraron da ke tsaye bisa kai yakan iso ƙasa cikin kusan kashi 67 cikin dubu na sakan. Da yake gudun saƙon ya kai haka, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da kuskuren mita 300. Kowane tauraro yana ɗauke da agogon atom, na rubidiyam ko sisiyam, wanda ake sa wa ido daga ƙasa. Agogon waya kuwa na kwaz ne mai araha. Idan ya goce da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, abin da mutum ba zai taɓa lura da shi ba, kowane nisa zai goce da kilomita 300. Mai tsaye a Kambaza sai wayarsa ta kai shi wata ƙasa.

Mafitar da aka samu ita ce a daina ƙoƙarin gyara agogon wayar, a ɗauki kuskurensa a matsayin abu na huɗu da ba a sani ba. Kuskuren guda ne a kan dukkan taurarin, tunda agogo ɗaya ne ya auna su a lokaci ɗaya. Abubuwan da ake nema sun zama huɗu ke nan: gabas, arewa, tudu, da gocewar agogo. Kowane tauraro yana ba da jimlar lissafi ɗaya, don haka ana buƙatar huɗu. Na'urar takan fara da hasashe, ta ga ƙwallayen huɗu ba su haɗu a ɗigo ɗaya ba, ta gyara wurin da agogon tare, ta sake gwadawa, har su haɗu. Cikin 'yan zagaye kaɗan ake gamawa. Ribar da ke biyo baya ita ce wayar ta samu lokaci mai inganci ƙwarai, kuma da irin wannan lokaci turakun sadarwa da yawa suke daidaita aikinsu.

Yadda ake auna jinkirin kansa ma abin sha'awa ne. Kowane tauraro yana da nasa jerin lambobi 1,023 da yake maimaitawa a kowane kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a kan zangon megahaz 1575.42. Wayar ta san jerin kowane tauraro, sai ta ƙirƙiro irinsa a cikinta, ta yi ta zame shi har ya dace da wanda ke isowa. Gwargwadon zamewar, gwargwadon jinkirin.

Akwai kuma gyaran da ka'idar Einstein ta tilasta. Saboda gudun da tauraron yake yi, agogonsa yana yin baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Saboda raunin jan ƙasa a can sama kuma yana yin gaba da kusan kashi 45. Idan aka haɗa, yana gaba da kashi 38 kullum, wanda ya haura kilomita 10 a ma'aunin nisa. Tun kafin a harba tauraron ake ɗan rage saurin agogonsa domin ya yi daidai da na ƙasa.

Su wa ke da taurarin

GPS na sojan Amurka ne. An harba tauraron farko a 1978, aka bayyana cikar tsarin a 1995. An tsara shi da taurari 24 a kan hanyoyi shida, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana, ko da yake masu aiki yanzu sun kai talatin. Ana lura da su daga Kolorado da wasu tashoshi, ciki har da ta tsibirin Asenshon a tekun Atlantika. Har zuwa watan Mayun 2000 da gangan ake gurɓata saƙon farar hula, kuskure ya kai kusan mita 100. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo da ya fara aiki a 2016, Sin ta kammala BeiDou a 2020. Yawancin wayoyin yanzu suna sauraron biyu ko fiye daga cikinsu a tare. Nijeriya ba ta da irin wannan tsari, amma NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011 yana ɗauke da na'urar watsa saƙon gyara ga masu amfani da GPS.

Abin da ke ɓata awo a yankinmu

Ta wani ɓangaren, ƙasar Gwandu ta yi sa'a. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu dogayen benaye, babu kurmi mai duhu, sama a buɗe take ta ko'ina. Wannan yana da muhimmanci, domin ba yawan taurari kaɗai ake nema ba, har da warwatsuwarsu. Idan duk sun taru a gefe ɗaya na sama, ƙwallayen sukan haɗu a kwance-kwance, ƙaramin kuskure a nisa ya zama babba a wuri. Idan kuwa wani yana gabas, wani yamma, wani kudu, wani bisa kai, haɗuwar takan fita tsaf. Hadari da hazo da ƙurar hunturu ba sa tare saƙon yadda mutane suke zato. Abin da ke ɓata shi a kusa shi ne rufin kwano da katanga da inuwar babbar bishiya, domin saƙon yakan bugi kwano ya dawo, ya iso a makare, wayar ta ɗauka tauraron ya fi nisa.

Babbar matsalarmu tana can sama, a ayonosfiya, wato rufin iska mai caji da ya fara daga kimanin kilomita 60 ya wuce har kusan 1,000. Yana jinkirta saƙon, jinkirin da kan kai mita da dama, wani lokaci gommai. Kambaza tana kusan digiri 12 da rabi arewa da ikwaita, amma ikwaitar maganaɗisu ta ratsa ne ta cikin Nijeriya, ba ta da nisa kudu da mu. A wannan ɗamara ta duniya ayonosfiya ta fi kauri kuma ta fi rikici. Bayan faɗuwar rana akan samu kumfa-kumfa a cikinta da ke sa saƙo ya riƙa rawa, wani lokaci na'ura ta rasa tauraro gaba ɗaya. Abin ya fi tsanani a wajajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana take kan ganiyar tashinta kamar 2024. Gyaran da GPS yake aiko wa na'ura mai zango ɗaya kusan rabin jinkirin kawai yake cirewa. Na'ura mai sauraron zango biyu ita ce take iya auna jinkirin da kanta, domin zangunan biyu ba sa jinkiri daidai. Tun 2018 aka fara samun wayoyi masu zango biyu, amma ba su ne a hannun yawancin jama'armu ba.

Idan aka tara duka, wayar talaka a fili mai buɗaɗɗiyar sama takan ba da wuri da kuskuren kamar mita 3 zuwa 5. Awon tudu ya fi wannan muni, tunda duk taurarin suna sama ne, babu na ƙarƙashin ƙafa. Wannan ya isa dalilin da zai hana a tsara magudanar ruwan shinkafa da waya.

Wani ɗan tsokaci kan alƙibla, tunda ana yawan tambaya. Daga wannan yanki, Ka'aba tana kusan digiri 70 daga arewa, wato gabas ce mai ɗan karkata arewa da kamar digiri 20. GPS yana ba da wurin da ake buƙata domin wannan lissafi, kuma kuskuren mita 5 ba ya canja komai a ciki. Amma kibiyar da ke juyawa a fuskar waya kamfas ne yake juya ta, shi kuwa ƙarfe ko lasifika a kusa kan rikita shi. Mai aza harsashin masallaci ya lura da wannan bambanci.

Gona, rance da gado

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi a Nuwambar 2015, inda aka riƙa lissafa iri da taki da kuɗi bisa yawan hekta, auna gona ya zama maganar kuɗi kai tsaye. An saba ganin matashi ya riƙe waya ya zagaya gona, manhaja ta fitar da girmanta. A duba abin da kuskuren mita 5 yake iya yi. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. Idan tsawo da faɗi suka ƙaru da mita 5 kowanne, an samu murabba'in mita 11,025, ƙarin kashi 10 cikin ɗari. A gonar kwata, mita 50 sau 50, wannan kuskuren zai ba da 3,025 maimakon 2,500, ƙarin kashi 21. Gwargwadon ƙanƙantar gona, gwargwadon girman cutar, kuma ƙananan gonaki su ne na masu ƙaramin ƙarfi. A babbar gona kuwa kurakuran sukan cinye juna, ƙiyasin ya yi kusa da gaskiya.

Maganar iyaka ta fi wannan nauyi. Iyayenmu da gamba da bishiya da suri da shaidar maƙwabta suke tsare iyaka. A fadama ruwa kan share alamun nan, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. A irin wannan hali lambobin tauraro suna da babban amfani, domin ruwa ba ya tafiya da su. Sai dai rigimar iyaka a kan kunya biyu ko uku ake yin ta, wato abin da bai kai mita 3 ba. Ma'aunin da kuskurensa ya fi abin da ake jayayya a kai girma ba zai zama shaida ba. A ganina zalunci ne a tsaya gaban alƙali ko uban ƙasa da hoton fuskar waya a ce ga iyaka, musamman a rabon gado, inda Shari'a ta ƙayyade wa kowa kasonsa, marayu da mata kuma ba kasafai suke da bakin musu ba.

Akwai wani tarkon da ko masu ilimi suke faɗawa. Lambobin waya a kan ma'aunin duniya na WGS 84 suke. Tsofaffin taswirori da takardun filaye na Nijeriya kuwa a kan tushen awo na Minna aka yi su. Ɗigo ɗaya a ƙasa yana da lambobi daban a ma'aunan biyu, kuma a wannan yanki bambancin yakan kai mita 80 ko fiye. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar takarda ya zuba a waya ba tare da juyawa ba, zai tsaya a gonar wani yana rantsuwa tasa ce.

Maganin yana kusa

Hanyar da safiyo suke bi su sauko da kuskure daga mita zuwa santimita ita ce awon na'ura biyu. Ana kafa ɗaya a wurin da aka riga aka san lambobinsa sarai. Tunda ta san inda take, duk abin da taurari suka gaya mata saɓanin haka kuskure ne, sai ta auna shi ta aika wa ta biyu da ke yawo a gona. Muddin tazararsu ba ta wuce 'yan gomman kilomita ba, saƙon ya ratso kusan iska ɗaya ne kafin ya iso gare su, don haka gyaran ɗaya ya dace da ɗaya. Irin waɗannan na'urori kuma suna ƙirga igiyar rediyon kanta, mai tsawon santimita 19, ba jerin lambobin kaɗai ba.

Tun 2008 Ofishin Babban Safiyon Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi na dindindin a ƙarƙashin tsarin NIGNET. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Toro da Yola da Abuja, kuma an kafa ɗaya mai lamba BKFP a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Masana ayonosfiya sun yi ta nazari da bayanan wannan tasha. Kalgo tana maƙwabtaka da ita, ƙasar Gwandu ma ba ta yi mata nisa ba. Abin takaici ne a ce masu bincike sun amfana da turken da ke ƙofar gidanmu alhali manomin Kambaza bai san da shi ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da su samar da na'urar awo mai zango biyu a sashen filayensu, ƙarƙashin safiyo mai rajista, kuma kowace takarda ta faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi da girman kuskuren da ake tsammani. Awon ya gudana da safe ko da hantsi, a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona, domin lamba tana adana abin da dattawa suka shaida ne, ba ta maye gurbinsu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, su tura ɗalibai su auna gonaki iri ɗaya da waya da kuma na'urar safiyo, a damina da rani, da rana da bayan magariba, domin mu samu alƙaluman kuskure na yankinmu maimakon aron na wasu ƙasashe. Malaman lissafi na sakandare kuma su fitar da yara filin makaranta da turaku uku da igiya, su yi lissafin nan da Hausa.

Ga alƙalai da iyayen ƙasa da hakimai kuwa roƙona ɗaya ne: duk wanda ya kawo muku lambobin iyaka, ku tambaye shi da wace na'ura ya auna, a kan wane ma'auni, kuma kuskurenta mita nawa ne. Idan amsarsa waya ce, kada ku yanke hukunci da ita.